Rigar Iska

Kawu Tsalha ya bar facin keke
shekarar da idonsa ya daina ganin kumfar huji a cikin ruwa.
Ya koma lambu, can bayan Auyo,
da wili ɗaya, da filaya, da boris cikin gwangwani,
da kayan Inna Ladidi da ba wanda ya so ranar rabon gado:
murfin langa mai tsatsa a baki,
ludayi uku, ɗaya ya sha ɗinki,
cokulan da suka lanƙwashe wajen kankare ƙanzo,
da tasar da take yoyo tun ina goye.

Ɗan gwangwan ya zo da sikelinsa,
ya ɗaga, ya girgiza, ya ce ɗari huɗu.
Kawu ya ce, “Albarka.”

Ni na riƙe masa waya.
Ya tsaga gwangwanin madara gida shida,
ya buɗe shi kamar furen kabewa,
ya murɗa kowane kunne kaɗan, gefe guda.
Ya ce, “Iska ba ta son a tare ta gaba da gaba.
Ba ta kafaɗa, sai ta tura.”
Ya ɗaure ludayin a jikin sifok,
bakinsu duk yana kallon waje ɗaya.
Ya ɗiga man gyaɗa a boris,
muka kafa gora tsakanin albasa da attaruhu.

Sai shiru.
Kwana biyu bazara ta riƙe numfashinta,
ko ganyen zogale bai motsa ba.
Barau mai jigo ya leƙo ta kan darni:
“Na korar jan-baki ne?”
“A’a.”
“Zai kawo wuta?”
“A’a.”
“To, na mene ne?”
Kawu ya ce, “Tun da aka yi duniya iska take yawo tsirara.
Riga na ɗinka mata.”

Kafin la’asar zance ya kai bakin rijiya,
wai iska ta taɓa Tsalha.
Ya ji, ya yi dariya har da tari.
Ya ce, “Ita nake jira.”

Ran Laraba bayan azahar gabas ta haɗe rai.
Murfin langa ya fara, a hankali,
kamar mai ƙoƙarin tuna sunan wani.
Sai cokula suka amsa.
Sai ludayin nan mai ɗinki
ya kwaso iska, ya juye, ya koma ya kwaso,
yadda Inna take yi da kunu in an sha ruwa,
ba ta ƙirga kofi,
ba ta tambayar yaro ɗan gidan wa.
Ragowar haske yana bi ta hujin tasa
yana tsalle a kan ganyen albasa.

Kawu ya cire hula, ya mayar.
Na ga leɓensa yana motsi.
Ban sani ba ko addu’a ce,
ko da ita yake magana.

Hadarin bai yi mana kara ba.
Cikin dare ya tumɓuke gorar, ya yi gaba da murfin.
Da safe muka tsinci cokali biyu a taɓo,
ludayi ɗaya yana lilo a jikin ƙaya.

Muna cikin tsince-tsince sai ga Barau,
murfin a hammata, ya lotse gefe,
ɗaya hannun da buta mai karyayyen hanci
da farantin silba biyu.
Bai kalli kowa ba.
Ya ce a gonarsa ya faɗa.
Ya ce jikarsa Kyauta ce ta hana shi karin kumallo,
ba wai shi ne yake so ba.

Kawu ya juya butar,
ya hura cikinta, ya kara kunne.
Ya daɗe yana saurare.
Sannan ya ce mini, “Miƙo filaya.”